Gyaran bindigar toka ta gado

Gyaran bindigar toka ta gado aiki ne da iyalan maharba a ƙasar Hausa kan yi idan tsohuwar bindigar uba ko ta kaka ta daɗe a ajiye, kuma ana son miƙa ta ga ɗa, ko ƙane, ko jika. Aikin ya ƙunshi tabbatar da cewa bindigar ba a ɗure take ba, da cire tsatsa, da gyara ƙota ko sauya ta, da duba kunama, sannan a yanke shawara ko bindigar za ta sake harbi ko kuwa ajiye ta za a yi don tarihi. Maƙera ne ke yin ɓangaren ƙarfe, masassaƙa su yi na itace, dukawa kuma su yi na fata. A garuruwan masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, irin su Dodoru da ke ƙaramar hukumar Gwandu da ƙauyukan ƙaramar hukumar Kalgo, harbi sana'ar rani ce da manoma ke haɗawa da noma, kuma akasari gadonta ake yi. Abubuwa uku ne ke nuna ko bindigar da aka gyara za ta isa hannun yaro: lafiyar bututunta, da abin da doka ta tanada, da shekarun yaron tare da horon da ya samu.

Suna da ire-irenta

Kalmar bindiga Hausa ta aro ta ne daga Larabci, haka ma albarushi. Bindigar toka ita ce wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, a danna su da sanda, a yi harbi ɗaya, sannan a sake ɗurawa. Saboda wannan jinkiri ne wasu ke yi mata laƙabi da harba-ka-ruga. Ana kuma kiran ta bindigar gargajiya ko bindigar maharba, idan kuwa maƙerin gida ne ya yi ta sai a ce ƙirar gida.

Bindigogin da ake gada a gidajen maharba iri uku ne. Na farko ita ce mai ƙanƙara, wadda ta fi tsufa. Idan aka ja kunamarta, dutsen ƙanƙara ne ke bugun ƙarfe kamar yadda ake ƙyastu, tartsatsin ya kama albarushi kaɗan da ke gefe, wutar ta bi wani ɗan rami ta shiga cikin bututu. Na biyu ita ce mai ɗan murfin tagulla da ke kama wuta idan an buge shi. Wannan dabara ta bazu a Turai daga wajen 1820, kuma ta fi ta ƙanƙara jure raɓa da iska. Na uku ita ce bindigar harbin tsuntsaye ta masana'anta, mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake karya ta a saka harsashi ta baya. Wannan ba bindigar toka ba ce, kuma hukuncinta a doka dabam ne, amma ita ma tana cikin abin da ake gada.

Manyan sassan bindigar toka su ne bututu, da ƙota, da kunama tare da ƙarafan da ke tayar da wuta, da sandar ɗuri, da zobban da ke riƙe bututu a jikin ƙota.

Tarihi

Bindiga ta shigo ƙasashen Sudan ta Tsakiya ta hanyoyi biyu: ta hamada daga Arewacin Afirka, da kuma ta bakin teku daga kudu. A ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Borno yana da dakaru masu bindiga waɗanda Turkawa suka horar. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) an riƙa kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nupe, kuma Sarki Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki.

Ta bakin teku kuwa, fataken Turai sun sayar da doguwar bindiga mai ƙanƙara da yawan gaske a ƙarni na 18 da na 19. Turawan Ingila sun laƙaba mata sunan mutanen Denmak, saboda fataken ƙasar da ke da ganuwa a Accra ta ƙasar Gana ta yau sun yi suna wajen cinikinta, har zuwa 1850 lokacin da suka sayar wa Ingila wuraren nasu. Duk da wannan suna, yawancin bindigogin an ƙera su ne a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam.

A farkon jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, baka da kibiya da mashi da takobi ne manyan makamai, bindiga ba ta da yawa. Bayan da aka raba tafiyar da daular gida biyu a 1812, ɓangaren yamma da kudu ya koma hannun Malam Abdullahi Ɗanfodiyo, kuma Gwandu ta zama hedikwatarsa. Ƙasar Nupe na cikin masu biyayya ga Gwandu. Wannan alaƙa ta yi tasiri a tarihin bindiga a yankin, domin a zamanin Etsu Masaba na Bida (1859 zuwa 1873) ciniki da jiragen ruwan Turawa a kogin Kwara ya bunƙasa, Bida ta tara bindigogi da albarushi, wasu kuma suka riƙa haurowa arewa ta hanyar fatauci da gaisuwar da ake kai wa Gwandu da Sakkwato. A arewa kuma, Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara wajen tara bindigogi da sa maƙeransa su ƙera igwa a cikin birninsa.

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka ta kudu da hamada, amma ta bar ƙofa ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, yaƙe-yaƙen sarakuna suka ƙare, bindigar toka ta rage aiki biyu. Na ɗaya shi ne na fada, inda 'yan bindigar sarki ke buga ta a hawan Sallah da naɗin sarauta da tarbar manyan baƙi. Na biyu shi ne na daji, inda a hankali ta karɓe matsayin baka da kibiya a hannun maharba. Maƙeran gida sun fara da gyaran waɗanda aka shigo da su, daga baya suka koyi ƙera nasu.

Matsayinta a gidan maharba

Hausawa na bambanta farauta da harbi. Farauta ta taron jama'a ce, ana fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da gora da kiɗa. Harbi kuwa sana'ar mutum ɗaya ce ko biyu, mai buƙatar sanin sawun dabba da iska da wuraren shan ruwa. Shugaban maharba a garuruwa da dama shi ne Sarkin Baka, sunan da ya samo asali tun kafin bindiga ta yawaita.

A ƙasar Gwandu da Kalgo damina gajeruwa ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, sauran watannin shekara kuma rani ne. A tudu, kamar kewayen Dodoru, abin da maharbi ya fi samu a yau shi ne zomo da zabon daji da makwarwa da gafiya. A fadamun kogi ta wajen Birnin Kebbi da Kalgo akwai tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya. Manyan namun daji kamar barewa da gada sun yi ƙaranci ƙwarai saboda gonaki sun cinye daji. Wannan ya sa bindigogi da yawa sun bar aiki, suna rataye a ɗaki shekara da shekaru kafin wani daga cikin 'ya'ya ko jikoki ya nuna sha'awa.

Bindigar maharbi takan ɗauki alamun mai ita: fatar da aka naɗe ƙota da ita, da layu, da zobban tagulla, da ɗaurin waya a inda ta taɓa tsagewa. Waɗannan ne ke sa iyali su fifita gyara ta a kan sayen sabuwa, ko da kuɗin gyaran ya kai na sayen. Karin maganar nan ta "kyan ɗa ya gaji ubansa" ana yawan kawo ta a irin wannan hali.

Ta fuskar rabon gado, yankin na bin fiƙihun Malikiyya, inda duk abin da mamaci ya bari yake shiga cikin dukiyar da za a raba, har da kayan sana'arsa. Al'ada ta saba bar wa ɗan da ya bi sana'ar bindigar, amma hanyar da ta dace da shari'a ita ce a yi mata kuɗi a cire daga kasonsa, ko kuma sauran magada, maza da mata, su yafe masa da yardarsu. Idan mai bindigar ya bayar da ita kyauta tun yana raye kuma an karɓa, ta fita daga cikin gado. Idan magajin yaro ne ƙarami, waliyyinsa ne ke riƙe ta amana har ya girma.

Abin da ke lalata tsohuwar bindiga

Babban abokin gabar bindigar toka shi ne ragowar albarushin da ya ƙone. Wannan baƙar toka tana ɗauke da gishiri da farar wuta, kuma tana jan danshi daga iska. Idan aka yi harbi aka rataye bindiga ba a wanke ta ba, damina ɗaya ta isa tsatsa ta fara cin bututun daga ciki. Ɓarnar ta fi muni a gindin bututu, inda albarushi ke zama, kuma nan ne ƙarfin fashewa ya fi yawa. Saboda haka bindiga na iya yin kyau daga waje alhali cikinta ya rube.

Ƙota kuma gara da ƙwarin itace ne ke cin ta, musamman idan an jingine ta a bangon ƙasa. Bushewar hunturu bayan danshin damina tana sa itace ya tsage, yawanci a wuyan ƙota inda hannu ke riƙewa, domin nan ne ya fi siranta. Fatar da aka naɗe bindiga da ita tana kare itace, amma idan ta jiƙe takan riƙe ruwa a jikin ƙarfe, tsatsa ta yi ta ci a ƙarƙashinta ba a gani ba. Ƙarafan kunama su ma suna cinyewa da yawan aiki, har ta kai ga bindiga ta tashi da kanta idan ta faɗi ko an bugi ƙotarta.

Matakan gyara

Mataki na farko shi ne a ɗauka cewa bindigar a ɗure take har sai an tabbatar da akasin haka. Maharba da yawa sukan ajiye bindiga a ɗure saboda ko-ta-kwana, kuma albarushin da bai jiƙe ba yana iya kama wuta bayan shekaru masu yawa. Ana ganewa ta hanyar zura sandar ɗuri cikin bututu har ta tsaya, a yi mata alama a daidai baki, a zaro ta a gwada tsawonta ta waje. Idan ba ta kai daidai ramin wuta ba, akwai abu a ciki. A wannan hali ana jiƙa abin da ke ciki da ruwa, sannan maƙeri ya zaro shi. Ba a harba tsohon ɗuri don a fitar da shi, domin ba wanda ya san yawan abin da aka zuba, kuma ba a kai bututun kusa da wutar maƙera sai an tabbatar babu komai a cikinsa.

Mataki na biyu shi ne warware bindigar. Ana cire zobba da fata, a raba bututu da ƙota, a ajiye kowane ƙaramin ƙarfe wuri ɗaya. Ƙusoshin da tsatsa ta kama ana jiƙa su da kananzir na kwana ɗaya ko biyu maimakon a tilasta su, don kada su karye a ciki. A wannan lokaci ne ake duba tambarin da ke jikin bututu. Bindigogin Turai suna ɗauke da hatimin gwaji, wanda ke nuna cewa an jarraba ƙarfin bututun kafin a sayar. Gidan gwajin bindigogi na Birmingham an kafa shi a 1813, na Liège kuma ana gane hatiminsa da haruffan ELG cikin zagaye mai siffar ƙwai. Hatimin yana taimakawa wajen sanin asalin bindiga, amma ba ya tabbatar da lafiyarta a yau, tun da gwajin an yi shi ne tana sabuwa.

Mataki na uku shi ne cire tsatsa. Ana wanke cikin bututu da ruwan zafi har ruwan ya riƙa fitowa garau, a busar da shi sarai, sannan a shafa mai. Tsatsar waje ana goge ta a hankali da mai da tsumma, ko samfefa mai laushi. Masu gyara na ƙwarai ba sa kankare bututu da magagari don ya yi ƙyalli, saboda hakan na rage kaurin ƙarfe, kuma yana shafe tambari da baƙin launin da shekaru suka ba shi.

Mataki na huɗu shi ne hukunci a kan bututu, kuma shi ne mafi muhimmanci. Maƙeri na duba ko akwai tsaga, ko kumburi, ko lanƙwasa, ko ramukan tsatsa masu zurfi, ko ramin wuta ya buɗe fiye da kima, ko toshiyar gindin bututu ta saki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a hana bindigar sake harbi. Walda ko ɗaurin waya ba sa mayar wa bututu ƙarfinsa. Bindigogin ƙirar gida da dama an yi bututunsu ne da bututun ruwa ko wani ƙarfen mota, wanda tun asali ba a yi shi don jure fashewa ba kuma ba a taɓa gwada shi a masana'anta ba. Idan irin wannan bututu ya fashe, hannun hagu da ke tallafe da shi da idanun mai harbi ne suka fi shiga haɗari.

Mataki na biyar shi ne ƙota. Idan tsagar ƙarama ce, ana haɗa ta da gam a ɗaure, wani lokaci a ƙara zoben tagulla ko naɗin ɗanyar fata, wadda ke matsewa idan ta bushe. Idan gara ta cinye ta, masassaƙi ne ke yin sabuwa, yana kwaikwayon tsohuwar. Ana neman itace mai ƙarfi wanda ya bushe sosai, kamar maɗaci ko maɗobiya, domin ɗanyen itace yana karkacewa ya saki bututu. Akan shafe ƙota da man kaɗe ko wani mai don kada ta tsage. Wasu iyalai kan ajiye tsohuwar ƙotar ko da an yi sabuwa.

Mataki na ƙarshe shi ne kunama. Ana wanke ƙarafanta, a sauya sifirin ɗin da ya mutu, a tabbatar cewa idan aka ɗana ta tana tsayawa daram, ba ta sauka sai an ja. Kunamar da ke sauka da ɗan taɓi ba ta dace da kowa ba, balle mai koyo.

Bindigar aiki da bindigar ajiya

Bayan gyara, bindiga takan faɗa cikin ɗayan rukuni biyu. Bindigar aiki ita ce wadda bututunta da kunamarta suka tsira daga bincike. Ko ita ma tana da iyaka: albarushin toka kaɗai aka yi ta dominsa. Garin da ke cikin harsashin bindigogin zamani ƙarfinsa ya ninka na albarushin toka, kuma zuba shi a bindigar toka na daga cikin sanannun dalilan fashewar bututu. Haka nan toshewar baki da laka, ko ɗuri biyu a kan juna bisa mantuwa.

Bindigar ajiya ita ce wadda aka tsabtace, aka gyara ƙotarta, amma aka hana ta harbi ta hanyar cire ƙarafan wuta ko toshe ramin wuta. Yawancin bindigogin da suka kai zamanin kakanni a nan suke ƙarewa. Ga yaron da bai kai shekarun riƙe makami ba, irin wannan ce ta dace a nuna masa, domin a jikinta zai koyi sunayen sassa da yadda ake riƙewa da gogewa ba tare da haɗari ba. Bindigar da ke da daɗaɗɗen tarihi ana iya ba da ita ga gidan tarihi. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958, yana ajiye da makaman gargajiya na ƙasar Kabi, haka ma Gidan Makama da ke Kano.

Horar da yaro

A al'adar maharba ba a fara koyo da bindiga. Yaro kan fara da danƙo da ɗana tarko a bakin gona, sannan ya shiga farautar samari da gora da kare. Daga nan sai ya riƙa bin ubansa ko kawunsa daji yana ɗaukar jaka da ruwa, yana koyon sawu da kukan tsuntsaye da yadda ake tafiya iska na bugun fuska don kada dabba ta ji ƙanshin mutum. Yakan daɗe yana wanke bindiga da shafa mata mai kafin a bar shi ya ɗura ta, kuma harbinsa na farko a gaban babba ake yin sa.

Ƙa'idojin da ake nanata wa mai koyo ba su da yawa, amma ba a sassauta su. Ba a nuna mutum da bindiga ko da wasa, ko da an tabbata babu komai a ciki. Ba a leƙa bakinta, kuma lokacin ɗuri ana kautar da bakin daga fuska. Ba a harbin motsin ciyawa sai an ga dabbar da ido, domin makiyaya da masu itace da yara suna cikin dajin. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, ana ci gaba da riƙe ta a saitin da take na ɗan lokaci, saboda bindigar toka takan yi jinkirin kamawa sannan ta tashi. Ba a shiga gida ko kasuwa ko mota da ita a ɗure. Albarushi kuma ana ajiye shi nesa da murhu da fitila, kuma ba wuri ɗaya da bindigar ba.

Dalmar da ake harsashi da ita guba ce ga ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jini. Annobar gubar dalma da aka gano a ƙauyukan Zamfara a 2010, wadda ta samo asali daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta kashe ɗaruruwan yara, kuma ta sa an ƙara sanin haɗarin. Don haka ba a barin yara su yi wasa da dalma ko su sa ta a baki.

Ana kuma koya wa yaro hukuncin addini a kan abin da ya harba: ya ambaci sunan Allah lokacin harbi, ya yanka dabbar idan ya same ta da sauran rai, kuma kada ya kashe abin da ba zai amfana da shi ba.

Doka

Babbar dokar da ta shafi wannan aiki ita ce Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959, wadda ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne makaman da aka haramta, irin na soja, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku shi ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da danginta. A kan waɗannan, Kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar Gwamna, yana da ikon hana mallakarsu ba tare da lasisi ba a wuraren da ya ayyana.

Akwai tanade-tanade huɗu da suka shafi bindigar gado kai tsaye. Na ɗaya, ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka gabata. Ma'ana, yaro ƙarami na iya zama magajin bindiga, amma ba zai riƙe ta da sunansa ba. Na biyu, lasisi ba a gadonsa. Idan mai lasisi ya rasu, wanda kayan mamacin ke hannunsa yana da kwana 14 kacal da zai riƙe bindigar bisa doka, bayan haka sai ya nemi nasa izinin ko ya miƙa ta ga 'yan sanda. Na uku, ƙera bindiga ko gyara ta sai da izini. Sufeto Janar, da amincewar Gwamnan jiha, shi ne ke ba mutum izinin sana'ar ƙera bindigar toka da gyaranta, don haka ba kowane maƙeri ne doka ta yarda a kai wa ba. Na huɗu, an hana rage tsawon bututun bindiga marar zane a ciki zuwa ƙasa da inci 20. Wannan ya shafi masu tunanin datse bindiga don ta yi wa yaro daidai. Dokar ta kuma ɗauki kowane sashe na bindiga a matsayin bindiga, saboda haka cire kunama kaɗai ba ya fitar da ita daga hukunci.

Ban da wannan, Najeriya na cikin Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, wadda ta ambaci sa ido a kan masu ƙera makamai na gida. A 2021 an kafa cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkar Tsaro, a 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin bindiga. Dokokin namun daji su ma suna da nasu iyakoki: an haramta harbi a gandun dajin ƙasa kamar na Tafkin Kainji, kuma dokar 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta hana kashe wasu nau'o'i.

Halin tsaro

Matsalar tsaro a Arewa maso Yamma ta sauya yadda ake kallon bindigar toka. Kalmar 'yan bindiga, wadda a da take nufin masu buga bindigar fada, yanzu a bakin jama'a da kafofin labarai tana nufin ɓarayin daji. A jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato da sassan Kebbi, 'yan banga da 'yan sa-kai sun dogara da bindigar toka wajen gadin ƙauyuka, kamar yadda maharban Adamawa suka taimaka wa sojoji wajen yaƙar Boko Haram tun daga 2014. Wannan ya ƙara wa tsofaffin bindigogi daraja, ya kuma sa ana fito da waɗanda ba su da lafiya ana miƙa wa samarin da ba su bi matakan koyo ba.

A gefe guda kuma, ganin mutum da bindiga na iya jawo masa zargi. A ƙarshen watan Maris na 2025, an kashe matafiya 16 'yan arewa a garin Uromi na Jihar Edo, bayan 'yan sintirin garin sun ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Mutanen mafarauta ne da ke komawa gida Kano don bikin Sallah. Bayan wannan lamari an ƙara jan hankalin maharba kan yin rajista da ƙungiyoyinsu, da riƙe takardun izini, da sanar da hukuma kafin tafiya da makami.

Kulawa bayan gyara

Bindigar da aka gyara tana buƙatar a wanke bututunta a ranar da aka yi harbi da ita, a busar, a shafa mai. Wadda ke ajiye kuma ana duba ta aƙalla a farkon damina da ƙarshenta. Ana rataye ta nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, ba a ɗure ba, a ɗakin da ake kullewa, mabuɗin kuma yana hannun babban da ke da izinin riƙe ta. Idan ta ɓace ko an sace ta, doka ta wajabta a sanar da 'yan sanda. Wasu iyalai kan rubuta sunan wanda ya fara mallakar bindigar, da waɗanda ta bi ta hannunsu, da abin da aka sauya a jikinta, su ajiye tare da takardar izini domin wanda zai gaje ta nan gaba ya san abin da ya karɓa.